Ruwan Tambur a Ƙwaryar Fura

Jiya ruwan sama ya jiƙa wani kwali a bayan ɗakina. Warinsa ya mai da ni gidan kakata a Illela.

Baffa, ƙanen babana, ya taɓa aikin buro, wato ofis, a Konni, can ya koyo tara tambur, 'yar takardar nan da ake mannawa a bayan wasiƙa. Duk gidan da aka kawo wa wasiƙa sai ya je roƙon ambulan. Ya yage kusurwar, ya jiƙa har tambur ɗin ya saki, ya shanya bisa tabarma. To, kun san da miyau ake manna su. Miyan mutanen da ba mu sani ba, wani da goro a baki, wani da taba, duk ya narke a ruwan, ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Kuma a ƙwaryar da muke shan fura yake jiƙon. Da bazara ruwan kan kwana ya yi tsami, ƙudaje su rufe shi. Na daɗe ba na iya haɗiye fura.

Babana ya rasu wurin ci-rani a Abijan. Kaka ta adana wasiƙunsa a ƙasan kwallarta. Ba ta karatu, amma ta san hannunsa, takan fito da su ta shafa rubutun da yatsa.

Wata ranar kasuwa da ta fita, Baffa ya buɗe kwallar. Ambulan ɗin sun tsufa, ya ji tsoron kada yaga ta ɓata masa tambur, sai ya tsoma su ɗungum, har da wasiƙun ciki. Ruwan ya koma shuɗi.

Da ta dawo ta tsaya a kansa.

"Mi ka yi ma takardun yayanka?"

"Inna, ai an riga an karanta miki su. Waɗanga tamburan ba a samunsu yanzu."

Ta tsamo takardun sun zama dusa, ta matse a gefen zanenta. Shi kuwa yana can yana hura tamburansa su bushe. Ranar na ji ƙyamarsa ta fi ta ruwan.

Yau ba mai aiko mana wasiƙa. Ɗana na Agadas, muryarsa yake turowa ta waya. Surukata kan ce wayar ta cika, in goge tsofaffin. Nakan ce ta bari, in ta cika sai a sayi wata.