Ranar da na sa Mama hawan dutse

Yayana soja ne, kamar mazan gidaje da yawa a unguwarmu a Zuru. Inda aka tura shi babu layin waya, sai intanet na sansani, shi ma ran Lahadi da rana ake ba kowa minti goma. A nan yake kiran Mama ta bidiyo. Ita ba maganarsa ta dame ta ba, don ko cikin wuta yake "lafiya lau" zai ce. Wuyansa take dubawa ta ga ko ya rame.

Shi ke sa data duk wata a wayar Mama, ni ke riƙe da wayar tunda ba ta yi karatu ba. Ni tela ce. Da kallon yankan riga na fara, da niyya mai kyau. Daga nan na faɗa wani fim mai dogon zango, irin wanda kashi ɗaya na ƙarewa na gaba zai buɗe kansa ba ko sallama. Ran Asabar da la'asar saƙo ya shigo cewa data ta ƙare. Na ce zan sayo da safe, na tarar mai shagon ya tafi biki Danko.

Kamfanin kuwa yana da wani mugun kirki. Ko data ta ƙare, akwai manhajar da rubutu ke wucewa kyauta, amma ban da hoto da bidiyo. Kyautar masu karatu ke nan, Mama ba ta ciki. Har yau abin na ba ni haushi, ko da yake ba kamfani ne ya kalli fim ɗin ba.

Muna dawowa daga coci rubutun yayana ya shigo: "Ina kira ba ya shiga."

"Mi ya hwaru?" in ji Mama.

"Sabis ne, Mama."

Ban san sanda ƙaryar ta fita ba. Mama ta ɗaure zane.

"Taho mu hau bisa, ɗiyata, can yana kamawa."

Dutsen bayan gidanmu take nufi, inda mutane kan hau neman sabis. Ta shekara biyu ba ta hau shi ba saboda gwiwa. Ta kama hanya tana dafa duwatsu tana nishi, ina biye. Kowane taku sai in ce yanzu zan faɗa mata, kunya ta danne ni.

A sama ta karɓi wayar, ta ɗaga da hannu biyu tana juyawa gabas da yamma. Sai wani rubutun ya shigo, ta miƙo mini in karanta. Lokacinsa ya ƙare, gobe za su shiga daji, zai yi watanni bai kira ba. In ce wa Mama lafiya lau yake.

Ta zauna a kan dutsen tana murza gwiwa. Can ta dube ni.

"Sannu, ɗiyata. Ki yi haƙuri, na wahalshe ki banza."

Na ce mata ba komai.