Malam Jalo, Mai Lambun da Ba Ya Hawa

Duk wanda ya bi ta lungun su Malam Jalo a cikin birnin Zariya da hantsi, zai tarar da shi a zaure ya miƙe ƙafa, gwangwanayen madara jere a gabansa. Rairayi yake cuɗawa da takin awaki wanda ya shekara. Irin ɗaɗɗoya ƙanana ne ƙwarai, don haka sai ya gauraya shi da toka kafin ya barbaɗa, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ruwa kuwa da tsintsiya yake yayyafawa, wai buta ta cika gaggawa. In tsiro ya yi ƙwari, sai ya kira matarsa Sailuba ta kai sama.

Saman nan rufin kankaren gidansa ne, inda lambun yake. Shi ya kafa shi bayan ya yi ritaya daga aikin kula da furanni a harabar jami'a ta Kongo da ke nan Zariya, amma rabonsa da taka wurin an yi shekaru.

Ga yadda aka yi. A birni namiji ba ya hawa rufi sai ya yi shela, domin daga can ana hango tsakar gidan maƙwabta. Malam Jalo bai taɓa ƙetare wannan ba. Sai dai tsiro a bazara kamar jariri yake, bai san a jira ba. Da safe a ji "Za a hau sama!", da rana haka, da la'asar haka. Mai kitso ta tashi da rabin kai, mai wanki ta bar kumfa ta ruga ɗaki. Da tura ta kai bango, maƙwabcinsa Alhaji Kabir ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka yanke cewa ko ya daina hawa, ko ya sauke tukwanensa. A ƙasa kuma babu fili, ga awaki sun zuba ido suna jira.

Abin ya yi masa zafi, ranar ko tuwo bai ci ba. Amma bai ce an zalunce shi ba. Ya amsa cewa maƙwabta sun fi shi gaskiya, sannan ya tambaya: "To ranka ya daɗe, in mace ce ta hau fa?" Mai unguwa ya yi dariya, ya ce wannan babu laifi.

Haka Sailuba, wadda ko albasa ba ta taɓa dasawa ba, ta zama mai lambu. Shi yana gindin matakala yana ba da umarni, ita tana sama tana cewa in ya fi ta iyawa ya hau. Lansir ɗin farko da ruwa ta kashe shi, tsabar ƙauna. Na biyu ya rayu. Daga nan matan da a da suke gudu suka fara leƙowa, Hassana matar Alhaji Kabir ce ma kan gaba. Yau babu gida a lungun da ba ka samun ɗaɗɗoya ko yakuwa ko lalle a tsohon bokiti, kuma duk daga zauren nan suka fito, kyauta.

Kai ne, Malam Jalo, ka ɗora haƙƙin maƙwabci a kan abin da ranka yake so. Gwanin iri, mai sanyin hannu. Kai kake shukawa, wasu suke ganin fure, kuma ba a taɓa jin ka yi gori ba. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Masu rufin da yake zaune a banza, a nemi gwangwani. Masu shari'a da maƙwabta a kan abin da bai kai ya kawo ba, a zo zauren nan a ɗauki darasi.

Kwanan baya furannin lambun suka buɗe gaba ɗaya, ja da ruwan ɗorawa, har mata suna ta labari. Alhaji Kabir ya ji kunya ta kama shi, ya zo da kansa ya ce zai sa kowace mace a lungun ta shiga ɗaki na yini guda, Malam ya hau ya ga aikin hannunsa. Malam Jalo ya ɗaga kai ya dubi matakalar ya daɗe, sannan ya ci gaba da cuɗa rairayinsa.

Ya ce, "Bar su, Alhaji. Yanzu in na hau, mata zan kora daga lambunsu."