Hotona a rundunar sojan ƙasar waje

Jama'a, yau na tsinci kaina cikin sojojin wata ƙasa!

Ga yadda aka yi. Ƙanena Sabo ya rubuta maƙala a kundin ilimi na intanet kan rundunar wata 'yar ƙasar tsibiri. Ni ne mai tantance maƙalun wata gasar rubutu, don haka sai na duba na amince kafin ta shiga gasar.

Na farko, rubutu. Lafiya lau. Na biyu, hoto. Subhanallahi! 'Yan sintirin kasuwar Gwiwa ne, ga ni a gaba riƙe da gora!

Na kira shi. "Sabo, su wane ne waɗannan?"

"Yaya, ban samu hotonsu ba. Ai kun ma fi su kwarjini."

"Cire shi yanzu, ko babu gasa!"

Ya cire, na amince. Ashe ya riga ya tura wa matata hoton. Tun ɗazu "Janar" take kirana!