Ajin Inna Husaina

Malama Basira 'yar Gidan Rumji ce, ɗiyar wani mai awon hatsi a kasuwa, kuma ita kaɗai ce a gidansu ta yi lakol, wato makarantar boko, har ta ƙare. Shekara goma sha ɗaya tana koyar da manyan yara kafin a tura ta wani ƙauye kusa da Gangara, a ba ta ajin ƙanana, 'yan shekara huɗu da biyar. Ta karɓi aikin da zuciya ɗaya. Ta koya musu gaisuwa da Faransanci, ta sa su suna tafi suna ƙirga.

Amma yara bakwai da ke zuwa daga rugar Fulani ba sa tafi, ba sa ƙirga. Kusurwa suke samu su cure wuri ɗaya. Ƙaramarsu, Mariyama, wata biyu Basira ba ta ji muryarta ba.

Akwai wata dattijuwa Bafillata, Husaina, wadda iyayen yara suka ɗauka ta riƙa share aji tana cika randa. Ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Wata safiya ta sauke bokiti, ta tsuguna kusa da Mariyama, ta yi mata magana da Fulatanci. Yarinyar ta yi dariya, ta shiga zuba kamar an buɗe famfo.

Basira ta ce, "Inna, me kika ce mata?"

"Ba komai, Malama. Na tambaye ta ne ko jar saniyar kakarta ta haihu."

Basira ta yi murmushin yaƙe. Wata biyu tana rarrashi da alewa da waƙa, ga mai ɗebo ruwa ta gama aikin da tambaya ɗaya.

Abin bai tsaya ga 'yan ruga ba. Husaina ta san asalin kowa. Sai ta dafa kan yaro ta ce, "Kai jikan Tanimu maƙeri ne. Da jaki ɗaya kakanka ya zo garin nan daga ƙasar Katsina." Yaron ya wuni yana ƙafafa. Da ta shigo da ruwa, aji ya watse ya koma gindin randa, a bar Basira tsaye da alli a hannu.

Ranar kasuwar Gangara wata mata ta gaishe ta da fara'a, ta ce, "Ke ce mai taya Inna Husaina riƙon yara, ko? Allah ya saka miki." Basira ta amsa da amin. Ko kayan miyan da ta je saye ba ta saya ba.

Washegari ta sami shugaban lakol, Malam Shu'aibu, a buro, wato ofishinsa. Ta ce shigowar Husaina na ɓata karatu, gara ta riƙa kawo ruwa da sassafe ta tafi kafin yara su zo. Ya ce, "Ajinki ne, Malama."

Kafin mako biyu, huɗu daga 'yan ruga sun daina zuwa. Mariyama tana zuwa, amma gindin randa take wuni. Basira ta sami mai tallan nono ta koya mata kalmomin Fulatanci, ta rubuta a takarda, ta haddace. Da safe ta tsuguna daidai yadda ta ga Husaina ta yi, ta faɗe su ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta saurara har ƙarshe, sannan ta buɗe baki da Hausa, karo na farko da ta yi wa malamarta magana.

"Ina Inna?"

Basira ta ninke takardar ta cusa a jaka. Kwana uku tana jin haushin tsohuwar da ba ta yi mata laifin komai ba. A rana ta huɗu ta fito da wuri, ta tare ta a bakin rijiya.

"Inna, ki dawo zama da mu da safe."

Husaina ta ce, "To, Malama," ta ci gaba da jan guga. Rashin tambayar dalili ma sai da ya ɓata wa Basira rai.

Yanzu kowace safiya Husaina na zama a tabarma, ta kira yaro ta faɗi mutanen gidansu. Basira tana rubutawa a kwali: sunan yaro, na uwarsa, na kakarsa, unguwarsu ko rugarsu. Tana liƙawa a bango, kuma daga nan yaran suka fara gane haruffa. 'Yan ruga sun dawo, har da ƙannensu.

Da mai duba makarantu ya zo daga Gazawa, ya daɗe yana karanta kwalayen, ya tambayi wanda ya kawo wannan dabara. Husaina tana waje tana ɗauraye kofuna. Basira ta ce, "Mu biyu ne." Ya nemi sunan ta biyun don ya rubuta, ta faɗa masa. Da ya buƙaci ta maimaita don bai ji da kyau ba, ta maimaita, amma ba ta ɗaga murya ba.