Gindin Tukunyar Tamo a Jikin Jirgin Sanholo

Daga tunga zuwa Illo

Ranar Asabar, tun kafin ladan ya kira assalatu, ni da wana Manu muka fito daga tungarmu ta bakin Kwara, muka kama hanyar Bagudo a ƙasa. Rani ne na farko bayan an sauke tutar Ingila an ɗaga tamu. Ni tela ne, ɗan Sarkawa da ya guji ruwa ya rungumi keken ɗinki, kuma ba na jin kunyar faɗa: tsoron Kwara nake yi tun ina ƙarami. Abin da ya fitar da ni da wannan asubar kuwa ba wasa ba ne.

Da damina dorina ta kife jirgin Yaya Manu, ta raba shi biyu, ta bar masa hannun hagu da ba ya ɗaguwa sama da ƙirji. Jirgin katako mai nauyi ya fi ƙarfinsa ke nan. Ga shi ranar Alhamis za a buɗe su, kamun kifin shekara, a tafkin bayan tunga, kuma Sarkin Ruwa ya riga ya aiko cewa duk wanda bai zo da jirgin kansa ya tura shi da hannunsa ba, gurbinsa ya zama na wani. Gurbin Yaya na mahaifinmu ne, shi ma gado ya yi. Ana cikin haka sai ga saƙo daga Kawu Arzika a Madekali, cikin ƙasar Dahomi. Kawu ya yi wa wani Bafaranshe mai awon zurfin kogi aikin kuku, Baturen ya koma gida ya bar masa ɗan jirgin sanholo, farin ƙarfen nan marar nauyi. Ya ce mu zo mu ɗauka.

Tamo, matar Yaya, ta rako mu har bakin danga tana mita. "Ku dai kun ji kunya," in ji ta, "za ku tai ku ɗauko kwano ku sa min miji ciki." Duk da haka ta miƙo mini tukunyarta ta sanholo, wadda babu irinta a duk tunga, ta cika ta da garin dawa da busasshen kifi. Ta nuna ni da yatsa ta ce, "Tela, yadda ka karɓe ta haka nika son ganinta."

Da hantsi muka samu wata tsohuwar lori a Bagudo mai ɗauke da gishiri, sule huɗu kowa. Direban ya tambayi abin da za mu sayo a Dahomi, na ce jirgin ƙarfe. Ya yi dariya har da buga sitiyari. "Jefa allurarka cikin randa, tela, in ta yi iyo ka tai ka ɗauko." Na yi dariyar yaƙe, amma maganar ta zauna mini a ciki. A Kaoje muka sha fura da nono na sisi, taya ta fashe sau biyu bayan nan, sai gab da magariba muka shiga Illo. Muka sauka a zauren wani mai masaukin fatake, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Yaya ya ci loma uku ya wanke hannu.

Lahadi, Madekali

Bayan sallar asuba muka bi ayarin masu jakuna zuwa Lolo. Daga nan iyaka ba nisa. Wani jandarma mai gajeren wando yana zaune ƙarƙashin sabuwar tutarsu, Yaya ya gaishe shi da harshen Dendi, ya ce ziyarar kawu za mu, ya ɗaga mana hannu muka wuce. Kafin azahar muna gidan Kawu Arzika.

Jirgin yana kife a bayan rumbu, kaji sun mai da shi gida. Tsawonsa bai fi gaba biyu da rabi ba. Yaya ya sa hannunsa mai lafiya ya ɗaga goshin jirgin, sai ga shi ya taso kamar faifai. Yaya ya washe baki, rabona da ganin haƙoransa tun damina. Muka ɗauke shi mu biyu zuwa bakin ruwa muka tura, ya zauna bisa ruwa sarai, na tuna direban lori na ce ina ma yana nan. Murnar ba ta daɗe ba. Ruwa ya fara tsattsafowa ta layin ƙusoshin da suka haɗa gindin da gefe, kaɗan-kaɗan, har ya rufe tafin ƙafa.

Yaya ko a jikinsa. "Ƙishirwa garai," ya ce. "Jirgin da yad daɗe bisa tudu haka shika yi. A ba shi ruwa shi sha, shi kumbura, bakin ya rufe." Haka kowane Basarke yake yi wa jirgin da ya bushe, haka muka ga ubanmu yana yi. Kawu ya gyaɗa kai, shi da aikinsa bai wuce murhu ba. Ni ma na gyaɗa. Matsalar ita ce jirgin ya ƙi nutsewa don rashin nauyi, sai muka yi ta jido manyan duwatsu muna jibga masa har ya kwanta a ƙasan ruwa. Muka koma gida muna yabon dabararmu.

Litinin, har yanzu Madekali

Da gari ya waye muka kwashe duwatsun muka jawo shi. Bai kumbura ba ko da ƙwayar gero. Abin da ya faru shi ne, wani dutse mai kaifi ya yage gindin, ya bar rami da tafin hannuna zai shige. Yaya ya durƙusa yana kallon yashi ta cikin ramin. Saura kwana uku, kuma da hannunmu muka yi wa kanmu.

Muka fara zuwa wurin maƙeri, ya ce zai ɗora baƙin ƙarfe ya buga ƙusa. Har mun yarda, sai maƙwabcinsa a kasuwa, wani dattijon Bazabarme mai facin kwanoni, ya sa baki daga inda yake zaune. Ya ce sanholo ba ya zama da baƙin ƙarfe cikin ruwa, cin juna suke yi, ya sha gani a gindin bokiti. In ana son faci ya daɗe, sai ɗan uwansa sanholo. Muka zagaye kasuwar kaf, ba ranar cinta ba ce, ko murfin buta ba mu samu ba. Da muka dawo, dattijon ya zuba wa abin da ke rataye a kafaɗata ido.

"A'a, Baba," na ce, "wagga amana ta."

Yaya ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Ni ka aurenta. Miƙa mai." Na ce shi yake aurenta amma ni ta nuna da yatsa. A ƙarshe dai na juye sauran garin a hulata na miƙa. Ina ji ina gani aka sa kurfi aka yanke gindin tukunyar Tamo, baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru. Dattijon ya daddale shi, ya shafa kwalta mai zafi a tsumma ya sa tsakani, ya yanka hannuwan tukunyar gunduwa-gunduwa ya yi ƙusoshi da su. Ni na riƙe guduma ta ciki, shi yana bugu ta waje. Tsofaffin ƙusoshin da ke yoyo ma ya bi su ɗaya-ɗaya yana danne kawunansu, ya bi layin da kwalta. Da la'asar muka gwada. Na tsugunna na kafa wa facin ido har wuyana ya ƙage, ko ɗigo bai shigo ba.

Talata, iyaka

Toshe rami daban, mai da kwano jirgin Basarke daban. Da Yaya ya miƙe tsaye a ciki kamar zai jefa birgi, tarun kamun kifi, jirgin ya zame daga ƙarƙashinsa, saura ƙiris ya sha ruwa. Ga ƙara, ko yatsa ya taɓa shi sai ya amsa. Yaya ya ce da wannan kukan ko tarwaɗar da ta kurumce sai ta gudu. Muka shimfiɗa katakai uku da Kawu ya ciro daga tsohon gadonsa, muka rufe da tabarmar kaba. Nan allurata ta yi rana. Na ɗinka buhu biyu muka cika da yashi muka kwantar a tsakiya, jirgin ya natsu. Na kece tsohuwar rigata na naɗe bakin jirgin duka, don gorar tuƙi ta daina buga ƙarfe. A gefen hagu muka ɗaure 'yar gwafa, na ɗinka mata madauki na fata, yadda Yaya zai jingina gorar a kai ya tura da hannu ɗaya.

Bayan azahar muka yi sallama da Kawu muka bi ruwa. A Lolo wani matashin ɗan kwastan ya yafito mu. Ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa, ya ce jirgin masunta ba a biya masa komai, amma kayan ƙarfe ana biya. "To wannan jirgi ne ko kwano?"

Abin da ya rage a aljihuna kuwa ba zai sayi ko ludayi ba. Yaya ya ce, "Shigo mu ƙetar da kai, ranka shi daɗe. In kwano na, ka sani tsakiya." Saurayin ya dubi faɗin Kwara, ya dubi takalmansa masu ƙyalli, ya yi murmushi ya ce Allah ya kiyaye hanya. Muka kwana a kan wani tsibirin yashi kusa da mashigin Illo, muka gasa kifi a tsinke tunda babu tukunya.

Laraba, bisa Kwara

Wannan yini ba na son tuna shi. Iska ta taso da hantsi, tana juya goshin jirgin yadda ta ga dama, muka ƙara yashi a gaba. Ni ina zaune a tsakiya, hannu ɗaya riƙe da ƙoƙon kwarfa, ido a kan faci. Duk sandar da ta gogi gindin sai in ji kamar a haƙarƙarina. Masunta suna tsayar da aiki suna kallonmu, wani ya ɗaga murya ya tambaya ko tuwo muke sayarwa.

Da la'asar, bayan mun wuce gaɓar Zagga, muka iso gwiwar kogin da dorina ta kife Yaya. Ban san wurin ba, sai da na ga ya daina turawa ya kafa wa ruwa ido. Can gefe kunnuwa biyu suka ɓullo bisa ruwa, sai huɗu. Yaya ya ce a hankali, "Kak ka motsa, kak ka taɓa ƙarhe." Ya zare gorar ya bar ruwa ya ja mu. Na karanta duk abin da na haddace, har da wanda ban tabbata addu'a ba ce. Tsumman rigata bai bari ko ƙwas ya fita ba. Sai da kunnuwan suka zama ɗigo a bayanmu ya mayar da gorar, ya share fuska da hula. Muka kwana a mashigin Bahindi wurin wani abokinsa.

Alhamis, gida

Rana na fitowa muka shiga bakin tafki. Jirage sun jeru, mutane cike da gaɓa, ga wanda aka yi wa alkawarin gurbinmu tsaye da sabon jirginsa na maɗaci. Da aka hango mu dariya ta tashi, ana cewa ga kwano, ga kwano. Sarkin Ruwa bai yi dariya ba. Ya sa aka jawo jirgin tudu aka kifa shi, ya shafa, ya ƙwanƙwasa da zobensa.

"Manu," ya ce, "jirginmu icce na, ƙasarmu shika tsira, ruwanmu shika sha. Ruwan ga bai san wanga abu ba. Mi ag garai na tungar ga?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Duk wahalar nan, ashe a tudu za mu nutse. Sai na ga Tamo ta ratso mutane, ba mu take kallo ba, baƙin facin nan take kallo. Ta durƙusa ta kankare shi da farce, ta juyo ta harare ni. Sannan ta gyara lulluɓi ta fuskanci Sarkin Ruwa.

"Baba, wanga gindin tukunyata na. Tun haihuwar ɗana na hwari nika dahwa kihin ruwan ga cikinta, kai ma ka ci. In ruwa bai san jirgi ba, ai ya san tukunya."

Sarkin Ruwa ya sake duban facin, gemunsa ya motsa, ya ce, "A birkice shi. Manu, shiga mu gani." Yaya ya shiga shi kaɗai, ya tsaya da ƙafafunsa a kan katakon Kawu, ya sa gora a madauki ya tura. Jirgin ya tafi sumul, ba ƙara ba tangaɗi, har ya tsaya daidai inda mahaifinmu yake tsayawa. Ni da na ce ba ni da haɗi da ruwa, sai ga hawaye har gemu.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga Kawu Arzika da ya kwana a tabarma saboda mu, da dattijon Madekali da ban ko tambayi sunansa ba. Da yamma Tamo ta dafa giwan ruwan farko da Yaya ya kamo, a tsohuwar tukunyar ƙasa. Ta aje mini kwanona ba ta dube ni ba. Na yi ƙarfin hali na ce zan sayo mata sabuwa daga Jega.

"Bar shi, tela," ta ce. "Tawa tana wurin aiki."