Ranar da Aka Gwada Kunnen Mahamudu

Shekara ashirin da biyu shagona na ɗinki yana jingine da na Mahamudu mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Salaga, don haka ba a bakin wani na ji labarinsa ba. Jikan fataken goro ne, amma abin da ya gada a goro bai wuce ci ba. Yana saurayi ya tafi Yendi ya koyi gyara, ya dawo da akwatin kayan aiki da kunnen da ya zame masa abin taƙama. In lasifikar masallaci ta shaƙe, daga nan har Bimbilla, shi ake ɗaukowa a babur. Kafin ya kwance murfi zai karkata kai ya saurara, ya ce ga inda ciwon yake, kuma da wuya ya kuskure.

A cikin amfilifaya, wato injin ƙara sauti, akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, shi ke fara ɗaga sauti kafin ya isa lasifika. Masu gyara suna ce masa aisi. Mahamudu ya rantse cewa iri ɗaya tak ke da murya, wanda ake sayo masa daga Kumasi. Na gama-gari kuwa, wai kamar ana buga gwangwani. Mun sha wannan huɗubar har mun haddace ta.

Bara 'yarsa Latifatu, wadda ke kula da injuna a wani gidan rediyo a Bawku, ta zo hutun babbar salla. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta gaji hannun uban, ta haɗa har da taurin kan.

"Baba, lambar da ke jikin aisin kake ji, ba sautin ba," ta ce. "A rufe su, ba za ka bambance ba koraa, ko kaɗan."

Ya yi dariya har da tafi, ya ce a sa rana. Amma bayan la'asar sai ga shi a shagona, ya zauna a benci yana juya hula a hannu.

"Sumani," ya ce, "wata shida ke nan in an kira ni daga nesa sai an maimaita. Ban faɗa wa kowa ba. In na faɗi gwajin nan, kunnen ya tafi ke nan. To me ya rage mini?"

Tausayinsa ya kama ni, sai na ci gaba da taka keken ɗinkina.

Ranar Asabar Latifatu ta haɗa injuna biyu iri ɗaya, ɗaya da aisin Kumasi, ɗaya da na gama-gari. Ta daidaita ƙarfinsu da mitar awo, don ta ce wanda ya fi ƙara kullum shi ke yi wa mutum kamar ya fi daɗi. Na rataya atamfa ta zama labule, ta shige baya. Mu huɗu muka zauna: uban, da ni, da Mikaila ladan, da Nazif mai sa kiɗa a gidan biki.

Nan muka tafka shirme. Da an sa waƙa sai duk mu zuba wa Mahamudu ido. Ya ce, "Na Kumasi ne," mu ce, "Wallahi shi ne." Wa zai musa wa dattijo a cikin shagonsa? Sau uku a jere Latifatu ba ta canza komai ba, amma Mikaila ya rantse ya ji muryar ta ƙara zaƙi. Ta yaye labulen tana huci.

"Wannan ba saurare ba ne, amshin shata ne!"

Uwarta Ayishetu, da ta kawo mana koko, ita ta raba gardamar. Ta kwance bakin zane ta ba kowa goro biyu, fari da ja. Fari na Kumasi, ja na gama-gari. Kowa ya zaɓa a cikin aljihu, ya dunƙule, a buɗe hannu lokaci ɗaya. Latifatu kuma ta riƙa jefa kwabo a bayan labule, shi zai faɗa mata injin da za ta kunna.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Sau goma aka yi. Mahamudu ya dace sau biyar, Mikaila huɗu, Nazif shida. Ni da nake cankar banza, ni ma biyar na samu.

Fuskar Mahamudu ta sauya. Latifatu ta durƙusa gabansa.

"Baba, duba fa, ba wanda ya ji. Nazif ma da kunnensa yake sabo paa, sabo fil, bai ji ba. A wannan aikin bambancin ne babu."

"Lallashina kike yi," ya ce, bai ko ɗago ba.

Ta tashi jiki a sanyaye ta kashe waƙar, za ta zare waya. Sai ya ɗaga hannu.

"Dakata. Bar injunan a kunne."

Muka yi tsit. Ni ban ji komai ba sai kukan babur daga tasha. Ya karkata kai.

"Na hagu yana gurnani. Akwai dalmar da ba ta kama ba, wajen wayar ƙasa."

Nazif ya kara kunne a jikin lasifikar injin hagu, can ya zaro ido. Latifatu ta kwance murfi, ta bi da ɗan yatsa, sai ga ɗigon dalmar da ita da kanta ta sa da safe yana motsi. Ta ɗora ƙarfe mai zafi ta narkar da shi.

"Gurnanin ya tafi," in ji Mahamudu, tun kafin ta duba mita.

Ta duba, ta kalli ubanta, ta fashe da dariya hawaye na zubo mata. Ni kaina farin ciki ya cika ni har na cinye farin gorona ban sani ba. Mahamudu ya goge ido da bakin riga, ya ce ta bar masa aisin gama-garin guda goma kafin ta koma Bawku. Sannan ya juyo gare ni.

"Sumani, ka zama shaida. Na Kumasi ne ya faɗi yau, ba ni ba."