Yadda Na Karɓar wa Kawu Jakar Bindiga a Ƙuba

Mun tashi daga Jidda da asuba, ko shayi ban kurɓa ba, ni da kawuna a cikin tsohuwar motarsa fara. Ni tela ne, mutumin Kano, ina ɗinki a shagon wani Balarabe bisa iƙama, takardar nan da ake ba baƙo ta zaman ƙasa. Shi kuwa kawu dangin mahaifiyata ne, amma a Madina aka haife shi, don kakansu ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. Ɗan ƙasa ne, ya yi soja ya gama, yanzu yana rakiyar kayan wani attajirin zinariya tsakanin garuruwan biyu. Ya kawo kaya zai koma fanko, ni kuma na daɗe ina begen ziyara, sai na bi shi.

Ba mu kai Rabig ba ya ce in buɗe aljihun mota in miƙo masa kaset ɗin karatu. Ina buɗewa na ga bindiga kwance a kan tsumma, baƙa wuluk, ƙatuwa. Na janye hannu kamar na taɓa dutsen guga. Kawu ya yi dariya har yana tari, ya ce yana da izininta, kuma ciwon ƙugu take sa shi in yana tuƙi, shi ya sa ya cire ta. Ni dai ban ga abin dariya ba. Tun fitinar da aka yi a Haramin Makka shekarun baya, hanya ta cika da shingen bincike, kuma duk wani baƙo ya san cewa ko harsashi ɗaya aka kama shi da shi, iƙamarsa ta mutu, in ma an bar masa wuyansa. Ina da uwa da ƙanne a gida, keken ɗinkin nan nawa shi ne tukunyarsu. Duk shingen da muka iso sai in kama salati a zuci, shi kuwa ya miƙa takardunsa yana tambayar askarawa lafiyar iyayensu.

A Mastura muka karya. Rumfuna ne jere a bakin hanya, da gadajen igiya masu dogayen ƙafafu, mutum ya hau ya miƙe kamar a ɗakinsa. Kifinsu soyayye ne da jar shinkafa, kai za ka nuna wanda kake so a auna maka. Ya fi na Jidda daɗi, ya kuma fi shi tsada, gama sun san mai yunwa a tsakiyar hanya ba ya ciniki. Ƙuda kuwa ba a magana, da hannu ɗaya ake ci, ɗayan na kora ne. Daga Badar hanya ta bar teku ta shiga duwatsu, siririya, ga manyan motoci na fitowa daga kwana ba sallama. Mun ga gawar mota a ƙasan kwari fiye da sau ɗaya. An ce ana gina sabuwar hanya mai faɗi, Allah ya nuna mana.

A nan ne kawu ya faɗa mini abin da ke ransa. Wannan babbar da ita yake zuwa filin koyon harbi, hannunsa ya saba da ita, amma ta yi nauyin ɗauka kullum, kuma tana tasowa ta ƙarƙashin farar riga kowa ya gani. Yana neman ƙarama wadda zai riƙa ratayawa. Sharaɗinsa ɗaya ne, gidan harsashin babbar, wanda su suke kira makzan, dole ya shiga ƙaramar. Na ce to mene ne abin wahala, kowace ta zauna da nata mana. Ya ce, “Ya waladi, ɗana, ranar tsoro hannu ba ya zaɓe. Duk wanda na lalubo a aljihu, shi zan cusa.” Sai na gane, don ni ma na taɓa aiki da kekuna biyu da kwarkwaronsu bai zo ɗaya ba, na san haushin.

Mun shiga Madina bayan azahar. Gidansa na wajen Ƙiblatain, matarsa ta tare mu da tuwon shinkafa da miyar kuka, 'ya'yansa ina gaishe su da Hausa suna amsa mini da Larabci. Kafin mu tafi ziyara ya kulle bindigar a akwatin ƙarfe, ya ce ba a shiga wurin Manzon Allah da makami. Abin da na ji a gaban kabarin nan ba zai faɗu ba. Na yi kuka, na yi wa mahaifiyata addu'a, na ji tsoron hanya ya sauka daga ƙirjina.

Washegari da hantsi ya ɗauko bindigar muka nufi Ƙuba, wurin wani abokin sojansa da ke da gonar dabino. Ana haƙa titi, sai muka bar mota can nesa muka taka. Garkar tana da sanyi, injin ruwa na ta bugawa, ƙamshin na'ana ko'ina. Mai gonar dattijo ne mai jan gemu, Hausarsa irin ta Sudan. Bayan gahawa da ɗanyen dabino ya shimfiɗa darduma ya jera ƙananan bindigoginsa, duk masu rajista, da yake tsufa ya sa yana son rage su. Ni na ja da baya har na jingina da kututture.

Kawu ya fitar da makzan ɗin babbar tasa, ya nuna mana babu komai a ciki, ya duba cikin kowace bindiga da idonsa kafin ya taɓa wani abu. Akwai wata kyakkyawa mai farin mariƙi, ita ta fara ɗaukar masa ido, ya juya ta ya sake juyawa. Makzan ya ƙi shiga ko rabi. Wata kuma ya shiga amma yana lilo, da ya girgiza ta sai ya zame ya faɗo a kan dardumar. Ta ƙarshe mummuna ce, duk fentinta ya goge, amma kamfaninsu ɗaya da tasa. Yana turawa muka ji ƙas, ya zauna daram, ɗan gindinsa kawai ya leƙo ta ƙasa. Mai gonar ya yi ta yabon mai farin mariƙin, ya ce ita ce ta dace da mutum mai daraja. Kawu ya ce kalas, magana ta ƙare, shi ba aure ya zo nema ba. Suka shirya, suka ce a wuce ofishin 'yan sanda a mayar da sunan. Aka naɗe bindigogin biyu a tawul aka sa a jakar fata, mai gonar ya zuba mana dabino a kai don tsaraba.

To a nan ne na yi abin da ya kusa kashe ni. Mun miƙe za mu fita, na ga kawu da furfurarsa da gwiwarsa mai ciwo ya saɓa jaka, ni kuwa ina tafe hannu na dukan cinya. Wallahi ban yi tunani ba, hannuna ne ya tafi da kansa, yadda aka hore mu tun muna yara. Ya ce, “A'a, bar ta, bar ta.” Amma wane babba ne ba ya cewa a bar ta? Haka ake yi, shi ya ƙi, kai ka nace. Na fizge ta da ladabi na yi gaba. Daidai nan wani maƙwabci ya tare su da gaisuwar Madina mai tsawo, har da sumbar kafaɗa, ni kuma na sha kwana ni kaɗai.

Ina shan kwanar na ga motar sintiri, da mutanenmu baƙaƙe tsugune a jikin katanga, waɗanda suka zo umara suka maƙale. Sai a lokacin na tuna abin da ke rataye a kafaɗata. In na juya sun ga na juya, in na yar sun ga na yar. Wani askari matashi ya yafito ni ya karɓi iƙama, ya duba, ya miƙo mini, har na fara godiya ga Allah. Sai ya nuna jakar ya tambayi me ke ciki. Na buɗe baki, Larabcin ya gudu, Hausar ma ta gudu. Ya sa hannu ya ɗebo dabino, ya sake zurawa ya jawo bakin tawul. Na ga fuskarsa ta canza.

Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Ihu ake yi a kaina, ga bakin doguwar bindiga a tsakanin kafaɗuna, kuncina a kan kwalta mai zafi. Kalmar shahada nake ta maimaitawa, kuma ba abin da nake gani sai fuskar mahaifiyata ranar da za a je a gaya mata. Can na ji muryar kawu. Dattijon da ko matakala ba ya iya hawa sai da dafa bango, shi ne ya taho a guje, hannuwa sama, ba rawani, yana rantsuwa cewa kayansa ne.

A ofis muka yini. Babbar tana da takarda da sunansa, ƙaramar da sunan mai gona, mai riƙe da jakar kuma tela ne baƙo. An shiga da ni ɗaki ni kaɗai, an tambaye ni wa ya aiko ni, su wa na sani a Makka, tambaya ɗaya ta fuska goma. Daga baya aka haɗa mu gaban babbansu. Kawu ya yi masa bayanin al'adarmu, cewa yaro ba ya barin babba da kaya. Mutumin ya saurara, ya ce su ma haka suke, yaro na ɗaukar wa babba komai, amma ban da makaminsa, kuma tsohon soja ya fi kowa sanin haka. Kawu ya sunkuyar da kai. Ya sa hannu ya lamunce ni, aka sake ni da iƙamata. Bindigoginsa biyu kuwa aka riƙe har sai an gama bincike, kuma mai rakiyar zinariya da ba shi da bindiga zaman gida ya kama shi. A mota na fara ba shi haƙuri, ya ce, “Ma'alesh, ba komai, ɗan nan. Ni ne ban riƙe da ƙarfi ba.” Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar komawa ya raka ni tashar bas, yana ɗauke da wata jaka mai nauyi ta saƙon da zai bayar a kai Jidda. Yana ɗingishi a gaba, ina biye hannu wofi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata tsohuwa mutuniyar Nijar da ke sayar da gyaɗa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kai yaro, ba ka da tarbiyya ne? Karɓar wa babanka mana!” Na san littattafai da sabulai ne kawai a ciki, amma hannuna ya ƙi miƙuwa.

Na iso Jidda da la'asar, na zauna a gaban kekena ina kallonsa kamar wanda ya dawo daga lahira. Na yi ziyara, na ci kifin Mastura, na koyi yadda ake zaɓen bindiga alhali ba ni da niyyar riƙe ko ta harbin tsuntsu. Abin da na fi koyo shi ne, in babba ya ce a bar masa kayansa, wani lokacin da gaske yake. Har yanzu kawu yana gida yana jiran hukuma, kuma ladabina ne ya zaunar da shi. Ku sa shi a addu'a.